Tafi Guda na Tsohon Ƙaiƙayi

A Tamawa, idan aka idar da sallar isha'i, kakarmu Inna Ladi takan ja mu kusa da murhu, inda garwashin tuwo bai gama mutuwa ba. Tana ɓare gyaɗa, mu jikoki muna zarar ɗaya-ɗaya. "Ga ta nan tafe," za ta ce. "Wanda bakinsa ke cike da gyaɗata, ya haɗiye ya amsa."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta kusa biyu. Inna ba ta cewa ɓera, kusu take cewa.

Wai wa da ƙane ne suka tare a rumbun wata tsohuwa. Ranar farko suka yi faɗa, wan ya kayar da ƙanen, magana ta ƙare. Wan ya kama saman dammunan gero, ƙanen ya kama ƙasa, kowa ya bar warinsa a wurinsa. Suka shekara ba ko harara. Sai surukar tsohuwar, mai son a ce ta iya aiki, ta kwashe rumbun tas, ta share, ta sa aka yi masa sabon yaɓe. Da suka dawo, ba warin kowa. Wan bai gane wurinsa ba, ƙanen ma haka. Suka sake faɗan daga farko, wannan karon har ƙanen ya rasa rabin wutsiya.

"To Inna, laifin wa?" na tambaye ta.

"Ke da tambaya kamar alƙali. Yarinya dai shara ta yi. Sai dai ba komai ake sharewa ba."

Sauran yara suka yi dariya. Ni tausayin ƙanen ya hana ni cin gyaɗar.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Ni kuma aure ya kawo ni Dutsin-Ma. Bara 'yata Maryam, mai karatun kimiyya, ta shigo da fararen ɓeraye huɗu. Za ta kiwata su, su hayayyafa, don bincikenta na kammala makaranta. Maza biyun 'yan uwa ne, kejinsu ɗaya, matan kuma dabam. Da farko mazan sun ɗan kokawa, daga nan babban ya riƙa fara cin abinci, ƙaramin yana jira ya gama.

Warinsu ne ya dame ni, ga kejin kusa da inda nake shimfiɗa darduma. Wata safiya bayan Maryam ta fita, na zubar da ƙaiƙayin da suke kwana a kai, na wanke kejin da sabulu da ruwan zafi, na zuba sabo. Kafin la'asar na ji tsuwa. Babban na bin ƙaramin lungu-lungu yana cizonsa a gindin wutsiya, jini ya ɓata farin gashin.

Ina tsaye da muciya a hannu, ban san ta inda zan raba su ba, Maryam ta shigo.

"Mama, me kika yi musu?"

"Tsafta."

"Ai su da wari suke sanin babba. Namiji ɗaya bai ishe ni aikin ba. In wannan ya mutu, sai dai in sake shekara."

Ta cire shi, ta sa a wani tsohon bokiti, ta wanke ciwon da ruwan gishiri. Kwanaki yana kwance. Ni ce mai kai masa gero. Ina ajiyewa ina jin muryar Inna.

Ya tashi, da tabo a wutsiya, har matarsa ta haihu, Maryam ta gama aikinta. Amma shi da wansa ba su sake zama keji ɗaya ba. Maryam ta ce in jini ya fita, zaman ya ƙare.

Ina yarinya na ɗauka Inna raggon shara take karewa. Yanzu ina ganin zaman lafiya ma yana da abin da yake tsaye a kai, kuma wani lokaci mai tsintsiya shara yake ganinsa. Har yau ni ke wanke kejin 'ya'yansu. Sai dai nakan ɗebi tafi guda na tsohon ƙaiƙayin in mayar a kusurwa. Warin bai tafi ba. Dardumar na matsar.