Kujera Biyu Zuwa Jimeta

Da can, in siririn ƙarfen adon mota ya tsage, sai ka haƙura. Na gefen hagu na Fijona, wadda ta fitar da mu daga Mubi lokacin gudun hijira, mai walda na kai wa, wutarsa ta mayar da shi rariya. Saura na dama, shi ma ya tsage. Matata Hajiya ta yanke hukunci: in wannan ya ƙone, motar ta 'yan gwangwan ce.

Mubi

Bayan Asuba na isa tasha da ƙarfen, naɗe cikin tsohon zaninta. Na biya kujera biyu.

"Baffa, ina ɗayan fasinjan?" in ji direba.

"Ga shi a hannuna. Ba ya son matsi."

Gombi

A shinge soja ya hangi dogon abu a zani, ya ce in kwance. A shekarun tashin hankali da na sha tsallen kwaɗo. Ya duba fuskarsa a ƙarfen, ya gyara hula, ya ce mu wuce. A Song na ci ƙosai da hannu ɗaya.

Jimeta

Kafin Azahar Keke Napep ya sauke ni a Damilu, shagon Malam Bakari. Mutumin Michika ne, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, bai koma ba. Muka gaisa da Fulatanci.

Na ga masu walda a Garwa da Jidda, duk tartsatsi da hayaƙi. Shi wannan waldar lesa yake yi, wato da siririn haske. Ya goge tsagar, ya matse ta a kan jan ƙarfe, ya ba ni baƙin tabarau. Wayar waldar da ya ɗauko ba ta fi zare kauri ba.

"In ka huda shi, ka raba ni da motata," na ce.

"Baffa, daina leƙe, inuwarka ta rufe min."

Ɗigon haske ya bi tsagar, ƙyas, ƙyas, kamar ɗinkin hula. Da ya goge, ya ce in taɓa gefe. Ɗumi kawai.

Na kwana a unguwar Makama, gidan aminina, ƙarfen a bayan gado.

Gida

Washegari da La'asar na iso, kujera biyu dai. Hajiya ta sa tabarau, ta bi shi da yatsa daga kai har ƙarshe, ba ta sami gaɓar ba.

"Sabo ka sayo, Alhaji."

Sai da na juya mata bayansa, ta ga alamar waldar, sannan ta yarda. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Bakari. Fijo na nan a rumfarta, kuma ba a sake ambaton 'yan gwangwan a gidana ba.