Ranar da Muka Binne Tayil

A hutun shekarata ta uku a jami'a a Guangzhou, lokacin da wayoyi masu kyamara suka fara shiga hannun ɗalibai, aikin tafinta nake yi. Yawanci 'yan kasuwarmu nake rakawa kasuwar Sanyuanli, su da cinikin shadda da takalma, ni da Sinanci. Sai wata rana aka haɗa ni da wata tsohuwar Baturiya daga kudancin Sifen, mai gyaran tsoffin gine-gine. Tayil ta zo karɓa a wata ƙaramar masana'anta a bayan gari, inda wani dattijo yake zane da hannu.

A cikin tasi ta miƙo mini hotunan cocin Katolikan garinsu, wanda danshi ya cinye tayil ɗin bangonsa. Na ga ginshiƙai siri-siri, da ƙofofi masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, da wani lungu a jikin bango da aka yi wa ado da shuɗi da kore.

Na ce, "Madam, ai wannan masallaci ne."

"Da can, 'yata," in ji ta. Musulmi ne suka gina shi. Da garin ya fita hannunsu, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sai aka rataya ƙararrawa a hasumiyar, aka ajiye mutum-mutumin Nana Maryam a inda liman yake tsayawa. Adon dai ba a kankare shi ba. A nan aka yi mata baftisma, a nan aka ɗaura aurenta.

Ni da na tashi ina ɓoye littattafan soyayya a cikin littafin lissafi, nan da nan na cika wurin da mutane. Na ga matashin ladan yana hawa matakala, wata budurwa a bayan taga tana jiran muryarsa. Sai kuma na tuna yanzu ƙararrawa ce a hasumiyar.

Ana yayyafi muka shiga masana'antar. Dattijon, wanda kowa yake kira shifu, wato malamin sana'a, ya jera mana tayil ɗin a kan dogon tebur. A tsakiyar ganyaye da taurari akwai layin rubutun Larabci, sunan Allah ne yake ta maimaituwa. Shifu bai san ma'anarsa ba, amma ya ce wanda ya fara rubuta shi mutum ne mai nutsuwa, ya gane haka daga yadda alƙalamin yake sauka.

Muna cikin dubawa na ji ƙarar baro a tsakar gida. Na leƙa. Wani ma'aikaci ne ya loda tayil ɗin da suka tsage a wuta, ya nufi ƙofa. A can akwai kwatami cike da ruwa, kuma motar da za ta kai kayan tashar jiragen ruwa ta Huangpu tana hanya. Da su za a cike ramin, taya ta bi ta kai.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsaya a gaban baron, takalmina ya nutse a laka.

Mai masana'antar ya fito yana ɗaga hannu. "Yarinya, shara ce fa! Ko za ki aure ta ne?"

Na ce, "Laoban," wato maigida, "sunan Ubangijina ne a jiki. Ba a taka shi."

"To ki kwashe ki kai ɗakinki."

Ɗakina na kwanan ɗalibai ne, mu huɗu a ciki. A gida, in muka tsinci takarda mai sunan Allah, kakata takan sa mu ƙona ta ko mu soke ta a tsagar katanga. Wannan kuwa daga wuta ya fito, ba ya ƙonuwa. Na roƙe shi wani lungu a ajiye. Ya ce, "Meiyou," babu. Hawaye suka zubo mini, na ji kunya.

Tsohuwar ta iso da lema, ta tambayi abin da ya faru. Da na gaya mata, ta daɗe tana kallon baron.

Ta ce, "Mu ma in abin coci mai tsarki ya fashe, ba ma zubar da shi. Binne shi muke yi. Shekara arba'in ina wanke rubutun nan da hannuna, amma ban yi tunanin waɗanda suka tsage ba. Ki yafe mini."

Na fassara wa shifu. Ya shiga ciki ya fito da shebur. A bayan ɗakin gasa tayil akwai ayaba uku, inda ba kowa yake bi ba. Shi ya haƙa ramin. Ni da tsohuwar muka durƙusa muna jera gutsattsarin, rubutu yana kallon sama. Wani gutsure ya yanke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba.

Da muka gama ta yi alamar gicciye, ni kuma na karanta Fatiha a hankali. Shifu ya jira har leɓunanmu suka daina motsi, sannan ya mayar da ƙasa.

Kwatamin da fasassun bulo aka cike shi. Motar ta shigo ta wuce lafiya. A hanyar komawa tsohuwar ta ba ni hoto ɗaya, na lungun liman. Har yau akwai shatin yatsana na laka a gefensa.