Ciyawar da Na Yanke wa 'Ya'yan Kirinjijiya

Ranar Laraba ce, ana saura kwana uku a ba mu 'yancin kai, aka sallame mu daga makaranta da wuri bayan mun sha fareti a rana. Na ɗauki lauje na gangara fadamar da ke bayan garinmu a ƙasar Bagudo, don yanko wa tumakin Baba burgu, ciyawar nan mai kwanciya a kan ruwa. A nan na gan su: kirinjijiya, agwagwar daji mai farar fuska, tana jan 'ya'ya goma sha ɗaya, kowanne bai fi tafin hannuna ba. Nan take na sa wa raina cewa nawa ne, sai na ga tashinsu.

Kullum sai na je na ƙirga. Ranar bikin, tsarana na ta murna da 'yar tutar da aka raba mana, ni kuwa hankalina na fadama, don sun koma tara. Bayan mako suka koma bakwai. Da idona na ga guza ya sulalo daga cikin burgu ya cafke ɗaya, uwar tana ta fiffika a banza. Haushi ya kama ni. Da wayona na ɗan shekara tara, na ce idan babu ciyawa, ina guza zai ɓuya? Na yini ina yanka har hannuna ya yi kanta, na share wurin fes, na kafa tutata a bakin ruwa wai gadi.

Washegari shirwa uku na tarar suna shawagi. Kafin la'asar 'ya'yan saura ɗaya. Kawu Manu, masuncin da ke zuwa da kwalekwale daga wajen Dole Kaina, ya dubi filin, ya dube ni. "Kai ɗan nan, mi ya kai ka? Ciyawag ga ita ta ɗakinsu. Guza ɗai-ɗai yaka ɗauka, shirwa ba ta ragi." Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Kwana biyu na yi ina korar shirwa da hoge, ran na uku na iske uwar ita kaɗai tana kewaya ruwan tana kira.

Yau fadamar ta zama gonar shinkafa, injin ban-ruwa ke kuka a inda take kiran nan. Jikokina ba su ma san kirinjijiya ba. Na tsufa, amma har yanzu in na ji son wani abu ya kama ni, sai na dubi hannuna tukuna.