Hoto Ɗaya da Wiebe Bai Ajiye Ba

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, matarka Sjoukje ta ƙwanƙwasa tagar kicin ɗina ta ce, "Aaltje, Wiebe ya tafi." Na ce ya tafi ina? Na ɗauka keke ka hau ka nufi garin Sneek. Ashe a kan kujerarka ka cika, kofinka bai ko huce ba, kana da shekara saba'in da uku. Yau kwana tara ke nan, har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Shekara goma sha shida muka yi tare a ƙungiyar tarihin ƙauyenmu, ni ina rubutu, kai kana hotuna. Mutane su kawo tsofaffin hotuna a kwalin takalmi, ka kwafe su, ka mayar wa kowa da abinsa, ka ɗora a shafin ƙungiya. Shafin kuwa a cikin tsohuwar kwamfutarka yake zaune, ƙarƙashin matakala, kusa da buhun dankali.

Ba na manta ranar da Douwe, ɗan ƙauyenmu da ke noma a Kanada, ya bugo waya yana masifa: "Kai Wiebe, minti goma ina zaune, goshin uwata kaɗai ya fito! Sai na mutu zan ga haɓarta?" Muka yi ta dariya, kai ko murmushi ba ka yi ba. Sati uku ka yi kana fama, har ka koya wa kwamfutar matse kowane hoto, ta juye shi zuwa wani tsari mai suna WebP, ya buɗe nan take ko a ina mutum yake. Da aka ce maka akwai kamfanonin da ke yin wannan a intanet, sai ka ɗaure fuska ka ce, "Kakannin mutane ne. Ba zan kai su kwana gidan wani ba."

Ka sha yi mini bayani, ni kuma ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Abu ɗaya na riƙe: ƙaramin hoton na kallo ne, babban na asali kuma na ajiya ne.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Sjoukje ta so a sa babban hotonka a kan akwatin gawa, kamar yadda ake yi wa kowa. Aka duba gida kaf, babu sai na aurenku, lokacin kana da gashi. Kullum kai ne a bayan kyamara. Sai na tuna da wanda na ɗauke ka bara da kyamararka a bikin ƙauye, kana dariya, bakinka cike da kifi. Yana nan a shafin. Na yi wa Sjoukje alkawari, na sauke shi, na kai wa Harm mai buga hotuna.

Ya duba ya ce, "Haba Aaltje, wannan ai na waya ne. In na faɗaɗa shi, ke kanki sai kin tambaya ko wane ne. Kawo mini babban."

'Yarka Tjitske ta zo daga birnin Groningen, muka durƙusa ƙarƙashin matakala. Ita ta gano yadda ka tsara abin. Saboda ƙarancin wuri, kwamfutar tana goge babban hoto bayan kwana talatin, sai dai wanda ka sa wa alama da hannunka. Hoto dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu, Wiebe, ɗaya bayan ɗaya ka sa musu alama. Shanun mutane, tsohuwar masana'antar madara, har wani kare da ba a san mai shi ba. Guda ɗaya tak ka bari, kuma naka ne. Muka buɗe kyamarar, ka riga ka share ta tas.

Tjitske ta juyo ta ce, "Gwaggo, Baba mantawa ya yi?"

Mutumin da ya san ranar haihuwar kowace gawa a maƙabartar coci, shi zai manta? In kuma da gangan ka yi, me ya sa ka ɗora shi a shafin tun farko? Ko kana ganin kai ba ka kai a ajiye ka ba ne? Na yi fushi da kai, kuma ba na ɓoyewa. Na yi alkawari a gaban mai takaba, ka sa na kasa cikawa.

Na je na faɗa wa Sjoukje, ina ta kame-kame. Sai ta ce, "Shekara arba'in da shida ban gane kan mutumin nan ba, sai yau? Ku buga shi yadda ya bar shi."

Haka aka yi. Hoton bai fi kwalin ashana ba, aka jingina shi da furanni a kan akwatin. Daga kujerun coci ba a ganin komai. Duk wanda ya zo sallama sai ya matso, ya gyara tabarau, ya sunkuya. Ina tsaye a gefe na ga ƙauyen nan gaba ɗaya, mai sanda da mai keken guragu, har da fasto, kowa ya sunkuyar maka da kai. Ban sani ba ko da kana nan haushi za ka ji ko dariya za ka yi. Ni dai a nan kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan ka, Wiebe, ya yafe maka, ya ba ka hutu a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sjoukje, da Tjitske, da jikokinka biyu, da duk wanda ya taɓa kawo maka kwalin takalmi. Allah ya ba mu haƙuri. Abin da ka ƙi ajiyewa na kanka, ina roƙon Ubangiji ya ajiye maka shi cikakke.