Filin da Baba ya ƙi karɓa

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Yohanna kafinta, kuma har yau in na tuna shi sai na tashi na kama zagaye tsakar gida. Na tsufa, amma ban gama rigima da shi a zuciyata ba.

Lokacin da Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, Kiristocin garin ba su kai ashirin ba: akawuna, kukun bariki, sai mu. A zaurenmu ake sujada ran Lahadi, Baba ne jagora. Ba a yarda a gina coci ba, shekara bakwai ana roƙon fili ana cewa a dakata.

Sai wani Baturen ayyuka, wanda Baba ke aikin gwamnati a ƙarƙashinsa, ya sa aka kawo katako daga Kudu. Malam Buba mai jakuna, mutumin Ƙofar Marke, shi ya yi jigilarsa zuwa bariki. Baba ya ce a ɗora katakon a kan duwatsu. Bature ya ce a jibge shi a ƙasa, shi ya fi sanin itace. Kafin damina ta fita gara ta cinye rabi. Da manyansa suka nemi bayani, sai ya kira Baba ya ce ya dafa Littafi Mai Tsarki ya shaida cewa ruɓaɓɓe Malam Buba ya kawo, ya karkatar da mai kyan. In ya yi, za a ba Kiristoci fili. Malam Buba kuwa gidan yari zai tafi.

Dattawan ikilisiya suka cika zaurenmu. Wani akawu ya ce aikin Ubangiji ne zai ci gaba, mutumin ma ba namu ba ne. Inna kanta ta sa baki daga bayan ƙofa.

"Malam, mi za mu ce ma yaran ga in anka kore ka?"

"Ki ce musu Allah ya hana shaidar zur," in ji Baba. "Ban ga inda yac ce ban da ranar da za a ba ka fili ba."

Aka sallame shi daga aiki. 'Yan'uwa suka sauke shi daga jagoranci, suka mai da sujada gidan akawun. Mun sha kunun dusa a shekarar nan, ni kuma aka cire ni daga karatu, ban sake komawa ba. Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ba ni haushi, duk Lahadi sai ya wanke rigarsa ya tafi gidan akawun ya zauna a baya, yana amsa amin da ƙarfi.

Yanzu muna da gine-ginen coci har da fanka. Ina zaune ina jin shugabanni suna wa'azin biyayya, kullum mu ne za mu yi musu biyayyar. Nakan tambayi kaina, da Baba zai shigo, zai yi murna ko zai tsaya tambayar yadda aka sami kowane fili? Na san shi, sai ya tambaya, kuma a gaban mutane.

Me ya rage na Baba? Babu cocin da ke ɗauke da sunansa, matasanmu ba su ma san an yi shi ba. Da babu shaida, maganar katako ta mutu, Malam Buba ya tsufa a cikin 'ya'yansa. Ranar da muka binne Baba ya zo gaisuwa yana dogara sanda, ya ce mini, "Ubanki mutumin kirki na, sai dai ban san mi as sa yab bar aikin gwamnati ba."

Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na tuna Baba shekara da shekaru suna gaisawa a kasuwa bai faɗa ba. Na ce masa ya sha ruwa.