Miyar Rumfar Ƙarshe

Akwai tambaya guda da na daina amsawa, ko wa ya yi mini ita. Idan baƙo ya tare ni ya ce, "Malam, in mutum ya je bakin kogi a ina zai samu abinci mai daɗi?" sai in ce masa ya je kawai, in ya isa ya tambayi 'yan acaɓan wurin. Wasu suna ɗauka rowa ce, wasu su ce jin kai. Ba ko ɗaya. Na taɓa amsa wannan tambayar da bakina cike, kuma har yau ban gama jin kunyar amsar da na bayar ba.

Ni malamin gona ne, haifaffen Gaya. A shekarun baya aiki ya riƙa kai ni fadamun ɓangaren Ajingi, can gaba da Gafasa, inda ake noman rani. Sau biyu ko uku a mako nakan ɗaure jakata a bayan babur in tafi duba tumatir da albasa da tattasai, in yi wa manoma surutun tsutsa da taki har maƙogwarona ya bushe. Kafin azahar yunwa ta gama cin ƙarfina, sai in gangara mashigin da masu fito suke ɗaure kwale-kwalensu. A nan akwai rumfuna uku na zana a jere, suna fuskantar ruwa. Ta farko ta wata mai shinkafa da wake ce, takan soya karfasa a gefe. Ta tsakiya ta wata mata ce kakkaura mai faɗa, tana tuƙa tuwon masara da miyar tarwaɗa. Ta ƙarshe, wadda ke dab da wata tsohuwar giginya, ta wata dattijuwa ce da kowa ke kira Iya. Kakanninta daga Barno suka zo, ba abin da ya rage mata na can sai burabusko da take yi da miyar bandar kifi, da kuma "wushe" da take tarbar mutum da ita.

Dole in faɗi gaskiya a kaina. Ina da son abinci, ina kuma da saurin baki. Matata takan ce ko a gidan rasuwa aka ba ni tuwo sai na faɗi abin da ya rage a miyar. Ni kuwa a lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin baiwa.

Abin da ya fara ba ni haushi a wurin shi ne 'yan acaɓan da ke zama ƙarƙashin giginyar. Ranar farko da na tambayi wani dattijo a cikinsu inda ya fi, ya ɗan leƙa rumfunan ya ce, "Je ka ta ƙarshe." Bayan kwana biyu na ji shi da kunnena yana tura wani baƙo ta farko. Wata rana kuma ta tsakiya. Mutum ɗaya, amsa uku. Na ce a raina, waɗannan mutane sun zauna kusa da kifi duk rayuwarsu amma ba su san daɗinsa ba. Ni dai na ci na kowacce, na kuma yanke hukuncina. Miyar tsakiya ta fi, nesa ba kusa ba. Ta Iya kuwa tana da ƙamshi, kifin ya dahu, daddawa ta ji, sai dai gishirin kamar an nuna wa tukunyar shi daga nesa.

Muna da wani guruf a waya, na ma'aikatan gona da dillalan kayan gwari da direbobin da ke zuwa lodi daga birni. Wata rana, daidai lokacin da tumatir ya fara nuna, wani dillali ya rubuta cewa za su shigo da motoci, a ina ake cin abinci a bakin ruwan. Ina zaune a ofis a Gaya, na gyara zama na rubuta masa dogon bayani kamar wanda aka naɗa alƙalin miya. Na ce su wuce rumfar farko sai in shinkafa suke so. Na ce su nufi ta tsakiya, su nemi kan tarwaɗa, kada su yarda a ba su jela. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma sai na ƙara da cewa, rumfar ƙarshe kuwa, wanda zai shige ta ya taho da gishirinsa a aljihu. Aka yi ta dariya. Aka yi ta tura saƙon gaba. Na ji daɗi ƙwarai ranar nan, ba zan ɓoye ba.

Mako biyu ban je ba, saboda wani taro da aka tura mu. Da na koma na tarar da motoci a jere, kwanduna tuli, rumfar tsakiya kuma ta cika har waje, wasu a tsugune da kwano a hannu. Na ce to, ga aikina. Na kutsa ina murmushi, ina jiran godiya, wataƙila har da ƙarin kifi.

Mai rumfar ta ɗago ta dube ni, mara a hannunta, gumi na zuba. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Kai ne malamin gonar da ya rubuta abin nan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Ai gaskiya na faɗa."

Ta ce, "To yau ba ka da tuwo a nan. Zagayo baya, ina da magana da kai."

Na bi ta bayan rumfar, wurin da take wanke kwanuka. Ta nuna mini tukunyarta da baki.

"Me ka gani a kan murfin nan?"

Na ce, "Ludayi."

"A tsaye ko a kwance?"

"A kwance."

Ta ce, "Tun hantsi na kwantar da shi. Amma waɗannan mutanen naka ba su san abin da yake nufi ba, waya suke dubawa."

A nan ta warware mini abin da na yi wata da watanni ina kallo ban gani ba. Tun kafin ta zo wurin, masu rumfunan nan suna da tsarinsu. Duk wadda ta sayar da abin da zai ishe ta cefanen gobe da abincin gidanta, sai ta zare ludayin daga miya ta kwantar da shi a kan murfi. Wadda nata ke tsaye a cikin tukunya, ita ce ba ta samu ba tukuna. 'Yan acaɓa da masu fito da masunta duk sun san wannan. Idan baƙo ya tambaya, ludayi suke leƙawa, su tura shi inda yake tsaye. Shi ya sa dattijon nan yake ba da amsa uku. Da haka kowacce take komawa gida da tukunya a wanke.

Na ce, cikin ƙaramar murya, "Amma ai gishirin..."

Ta katse ni. "Gishirin! Kai kaɗai ke da harshe a ƙasar nan? Mijinta shekara huɗu yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, hawan jini ne. An hana shi gishiri. Ita kuma ba ta da halin ɗora tukunya biyu. Abin da ya rage a ta kasuwa shi take kai masa. Duk wanda ke cin abinci a rumfarta ya sani, in yana so ya miƙa hannu ƙarƙashin benci, akwai gwangwanin gishiri a ajiye. Kai ba ka tambaya ba, sai ka rubuta."

Ni da ba a taɓa kashe mini baki ba, na tsaya ina kallon ruwan wanke-wanke yana gangarawa kogi. Ta ce a kwanakin nan ita da mai shinkafa suna ta cewa baƙi tuwo ya ƙare don su ƙarasa wurin Iya, amma sai su ce gara su jira a sake tuƙawa. Ta ce shekaranjiya wani direba ya tsaya a bakin rumfar Iya, ya ɗaga murya ya ce wa abokinsa, "Wannan ce ta a zo da gishiri a aljihu?" Iya tana zaune tana ji.

Daga nan na ƙarasa rumfar ƙarshe. Babu kowa a ciki. Ludayin yana tsaye a cikin miya, miyar har ta yi fata a sama. Iya ta ce, "Wushe, ɗana, kwana biyu," ta share mini benci da gefen mayafinta, ta zuba mini burabusko ta ɗora kifi biyu maimakon ɗaya. Na leƙa ƙarƙashin bencin, ga gwangwanin nan kuwa, da ɗan murfinsa na kwali. Na ja kwanon na fara ci. Na yi niyyar in ce mata ni ne, ta yafe mini. Na buɗe baki sai na ji ina tambayarta jikin Malam, mijinta. Ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Na tashi na tafi ban faɗa ba. Wannan ragwantar ta fi rubutun ci mini rai.

Na yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar da na ɓata. Na koma guruf na rubuta cewa na yi kuskure, burabuskon rumfar ƙarshe babu irinsa, a gwada. Mutum biyu ne suka amsa, ɗaya ma cewa ya yi, "Malam an ba ka kifi kyauta ke nan." Ba wanda ya tura saƙon gaba, don babu abin dariya a ciki. Saƙon farko kuwa yana ta yawo, har a bakin mutanen da ba su san ni ba. Na koma cin abinci a wurinta duk zuwan da zan yi, nakan ja abokan aiki ɗaya ko biyu. Amma lokacin tumatir shi ne lokacin samu a wurin nan, da shi ake riƙe sauran shekara, kuma ya wuce ta tana kallo. Ta rage tukunya, daga babba zuwa ƙarama. Daga baya ta koma fitowa ranar kasuwa kawai.

Da damina ta sauka kogi ya cika, aka kwashe rumfunan kamar yadda ake yi kowace shekara. Da ruwa ya janye aka sake kafawa, sai na ga biyu. A gindin giginya babu komai sai duwatsun murhu uku da suka yi baƙi. Dattijon ɗan acaɓan nan ne ya gaya mini Malam ya rasu a tsakiyar damina, Iya kuma ta koma wurin 'yarta da ke aure a Balan. Ya dai dube ni, ya ci gaba da goge babur ɗinsa.

Ban ce ni na kashe mata miji ba, kwanansa ne ya ƙare. Ban ma san ko da ban yi rubutun ba za ta dawo bakin ruwa ba. Abin da na sani shi ne, a watannin ƙarshe da take jinyarsa, lokacin da ta fi bukatar kowane kwano da za ta sayar, ni ne na kore mata mutane don a yi mini dariya a waya.

Sai da na yi wata guda ina ɗagawa kafin na je Balan. Na tafi da hantsi, ranar Asabar, na yi tambaya har aka nuna mini gidan. Surukinta ya shigar da ni zaure, aka shimfiɗa tabarma. Ta fito a hankali, ta rame, carbi a hannunta. Na yi mata ta'aziyya, muka yi wa mamaci addu'a. Sannan na sunkuyar da kai na ce, "Iya, akwai abin da na zo faɗa. Maganar nan da aka yi ta yaɗawa a kan miyarki..."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Tun ranar aka gaya mini kai ne."

Na ce, "Kuma kika ci gaba da zuba mini kifi biyu?"

Ta ce, "To ai kai kaɗai ke zuwa. Wa zan ba?"

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun tuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya, in daina wannan sunkuye-sunkuyen kamar wanda ya yi sata. Na yunƙura zan tafi ta ce ban isa ba, an ɗora tukunya. Ta shiga ciki, ta daɗe, sannan ta fito da kwano a rufe da faifai ta ajiye a gabana. Burabusko ne da miyar bandar kifi, ƙamshin nan dai da na sani. Sai ta kwance bakin mayafinta, ta ciro wani ɗan ƙulli na takarda, ta ajiye shi a gefen kwanon.

Ta ce, "Ga gishiri nan. Malam ya tafi, yanzu ba wanda zai hana ni sakawa, amma hannun ya riga ya saba. Kullum sai jikokina sun yi mini ƙorafi."

Na wanke hannu na yi bisimilla. Ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbinta, tana kallona kamar yadda take yi a rumfa, ta ga ko abincin ya karɓe ni. Na cinye shi tas, har na suɗe kwanon. Ƙullin yana nan inda ta ajiye shi, ban kwance ba.