Kwaɗon Hukuma a Shagon Mai 'Yan Tsaki

Duk abin da zan manta a aikin tara haraji, ban da ranar Alhamis ɗin da muka rufe shagon Lawal mai 'yan tsaki a Ƙofar Kwaya. Lokacin ina mataki na bakwai, saura mani wata goma sha ɗaya in aje aiki. Ku da kuka shigo aikin nan bara ba ku iske ni ba, to ga yadda aka yi.

Ƙa'idar rufe shago a rubuce take. Ana kai wa mutum takardar gargaɗi sau biyu. In bai biya ba, a ɗora kwaɗon hukuma a ƙofarshi, a sa makullin cikin ambulan, a kai wa shugaban sashe. Ba mai buɗewa sai da sa hannun shugaban. Ma'aikacin da ya ɓalle kwaɗon kuwa takardar tuhuma ce ke jiranshi, kuma tana iya taɓa fanshonshi.

A waccan shekarar zaɓe ya matso. Da safe shugaban sashenmu, Alhaji Bishir, ya miƙo mani jerin shagunan da za a rufe. Sunayen duk bugun na'ura ne, ban da na ƙarshe da aka ƙara da biro. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan Lawal ɗin ai ni na yanka mashi rasit da hannuna."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Malam Sada, daga sama ya zo."

Na san saman. Bangon shagon Lawal na ɗauke da fastar ɗan takarar da ke ja da kansilan mazaɓar. Shi ya sa ma aka haɗa mu da wani na hannun daman kansilan, Ɗanjuma, mutumin da ba ma'aikaci ba ne amma ya fi mu iko a motar ofis.

Mun isa wajen ƙarfe goma. Layin shagunan duk a rufe, an yi rasuwa a unguwar, kowa ya ja ƙofa ya bi gawa maƙabarta. Ɗanjuma har murna ya yi, wai an huta da hayaniya. Shagon Lawal kwantena ce ta ƙarfe, ga watan zafi, ga ba wuta. Ina maƙala kwaɗo na ji kukan 'yan tsaki daga ciki, ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Na ce, "Akwai rai a cikin nan fa." Ɗanjuma ya ce in kulle kawai, in mai shago ya zo ya yi bayani sai a buɗe. Na kulle. Ya miƙo hannu, na ba shi makullin, alhali na san ba hurumin shi ba ne.

Kafin sha biyu Lawal ya iske ni ofis, ƙafafunshi da ƙasar maƙabarta, rasit a hannu. Ya ce, "Baba Sada, kwali shida ne, da asubar nan aka sauke mani su. Jarina ke nan duka. In suka kai azahar a rufe, ba wanda zai kai labari."

Na hau bayan mashin ɗinshi muka shiga neman makulli. Alhaji Bishir ya tafi filin jirgi tarbar wani babba, wayarshi a kashe. Mataimakinshi ya ce shi ba ya sa hannu a abin da ya zo daga sama, yana da iyali. Muka je gidan kansila a Kambarawa, aka ce yana ganawa, mu jira. Muka zauna kan benci da masu neman taimako, rana na cin mu. Lawal ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Bayan azahar Ɗanjuma ya leƙo, ya ce Honarabul ya ce a cire fastar tukuna.

Lawal ya ce, "Wallahi ko bangon kuke so ku ɗauke."

Muka koma Ƙofar Kwaya, ya yage fastar da hannunshi, ya ɗauki hoto ya tura wa Ɗanjuma. Makulli bai zo ba. Ƙarfen ƙofar nan ba ya taɓuwa don zafi, kukan cikin kuma ya ragu ƙwarai. Wani mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya fito da guduma, ya ce mani, "Malam, kai ne hukuma a nan. Ka ce a fasa, bugu ɗaya ne."

Mutane suka zuba mani ido. Ba zan yi maku ƙarya ba, abin da ya zo mani a rai shi ne shekara talatin da huɗu da na yi ina aiki, da garatutin da nake jira in ida ginin gidana. Na ce a ƙara haƙuri, makulli na hanya.

Sai bayan la'asar Ɗanjuma ya aiko da shi. Da aka ɗaga ƙofa, zafin da ya fito da warin sai da muka ja baya. Lawal ya durƙusa yana buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana tsame masu motsi. Duka-duka ba su cika kwali guda ba. Na tsaya a kanshi ina kallo. Shi ne ma ya ɗago ya ce, "Baba, je ka gida. Na san ba kai ba ne."

Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi, don ni na san ni ne. Bai sake buɗe shagon ba, na ji an ce ya koma ƙauyensu. Kansila ya ci zaɓenshi. Ni ma na aje aiki lafiya, fayil ɗina ba tabo ko ɗaya, har takardar yabo aka ba ni.

Abin da aikin nan ya koya mani, a makare, shi ne wanda ke sama ba ya taɓa kwaɗo da hannunshi. Mu ake aikawa, mu kau kowa na da abin da yake tsoron rasawa, sun kuma sani. Na gaji da jin ana cewa umarni aka bi. Ranar nan ba wanda ya hana ni cewa a fasa, ni ne ban ce ba.